Ciwon ya dawo, an ce a gwada masa haɗin magani: in sayar da filina?

Assalamu alaikum Anti. Daga Agege nake rubuto miki, hankalina a tashe. Maigidana shekararsa 46, albasa yake saukewa a kasuwar Mile 12, 'ya'yanmu biyar. Bara aka gano yana da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira AML. An yi masa kemo, ya sha wuya, ya miƙe har ya koma kasuwa. Bayan wata bakwai sai ga jini a dasashinsa, ga gajiya. Aka sake ɗibar ɓargo, aka ce ciwon ya dawo. Likitansa ya ce akwai wani haɗi, ƙwayar venetoclax da allurar azacitidine, amma a irin yanayinsa har yanzu ana bincike a kai, ba zai yi mini alkawari ba. Akwai kuma wani da aka haɗa ni da shi ta WhatsApp, ya ce zai sa shi a gwajin sabon magani a Indiya idan na tura rabin kuɗi. Yayansa ya ce ba za a mayar masa da ƙani zakaran gwajin dafi ba, mu tuna abin da aka yi wa yara a Kano, a mayar da shi Funtuwa a yi na gida. Shi maigidan ba mu gaya masa ba, mun ce ƙarancin jini ne. Ina da fili da na gada wurin mahaifina. In sayar? In na ƙi, ni na kashe shi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, domin na san ita ke hana ki barci. Ba ke kika kawo ciwon nan ba, kuma ko kin sayar da filin ko kin riƙe shi, ba ke kika kashe kowa ba. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon jini, na ga waɗanda aka zuba wa dukiya ba su tashi ba, na ga waɗanda aka yi wa daidai gwargwado suka samu lokaci mai albarka da iyalinsu. Ki sauke wannan dutsen daga ƙirjinki. Filin kuma kada ki sayar da shi a makon nan. Ban ce kada ki taɓa sayarwa ba. Akwai abubuwan da ya kamata ki sani tukuna, kuma akwai mutum ɗaya da har yanzu ba a ji ta bakinsa ba.

Abin da ya rikita gidanku kalma ɗaya ce, gwaji. Likita ya faɗe ta, mutumin WhatsApp ya faɗe ta, Yaya ya faɗe ta, amma kowa da abin da yake nufi.

Ɓargo shi ne gonar jini. A ciwon maigida, wasu fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba ne suke ta hayayyafa ɗanyu, su cinye wurin masu amfani. Shi ya sa jajayen suke ƙasa ya gaji, ƙwayoyin da ke daskarar da jini suke ƙasa dasashi ya zubo, masu yaƙi da cuta suke ƙasa zazzaɓi ya samu ƙofa. Kemon da aka saba fara wa mai ƙarfin jiki shi ne cytarabine kwana 7 da daunorubicin kwana 3, haɗin da ake amfani da shi tun 1973. Ina zaton shi aka yi masa. Ya share gonar, amma wani iri ya ɓuya a ƙasa, shi ne ya sake tsirowa. Ba zan ɓoye miki ba: wanda ya dawo kafin shekara ta zagayo ya fi taurin kai.

Gwaji na farko shi ne haɗin da likita ya ambata, kuma ba sabon abu ba ne da za a fara a jikin mijinki. Ƙwayoyin sankarar suna da wani sinadari mai suna BCL-2, kamar sakata da suke sawa a ƙofa don kada ajalinsu ya shigo. Venetoclax zare sakatar yake yi, azacitidine kuma ya raunana su. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da haɗin a 2018, ta tabbatar da amincewar a 2020 bayan wani babban bincike mai suna VIALE-A da aka yi da mutum 431. A cikin kowane 100 da aka ba haɗin, kusan 66 ciwon ya kwanta. Waɗanda aka ba allurar kaɗai, kusan 28. Rabin masu haɗin sun haura kusan wata 15 a raye, masu allura kaɗai kusan wata 10. To amma ki lura da su wa aka yi wa: waɗanda aka gano ciwonsu yanzu-yanzu, tsofaffi ko marasa ƙarfin jure kemo mai zafi. Mijinki ba ya cikin wannan rukunin. Ga wanda aka riga aka yi wa kemo ciwon ya dawo, likitoci a duniya suna ba da haɗin, yana kuma aiki ga wasu, sai dai waɗanda yake wa aikin ba su kai wancan yawan ba, kuma sau da yawa kwanciyar ciwon ba ta daɗewa. Abin da likitanku yake nufi ke nan da ya ce ana kan bincike. Ƙin yi miki alkawarin da ya yi, ni a wurina alamar mutumin kirki ce.

Gwaji na biyu shi ne na bincike na gaskiya, wanda ake rubuta mutum a ciki. Yana da matakai uku: na farko ana neman adadin maganin da jiki zai iya ɗauka, na biyu ana duba ko yana aiki, na uku ana kwatanta shi da wanda aka saba. Manyan cibiyoyi irin su MD Anderson da ke Houston a Amurka suna gwada ƙara venetoclax a kan kemo mai ƙarfi da ake kira FLAG-IDA, suna gwada haɗa magani uku a lokaci ɗaya. Irin wannan gwaji yana da lambar rajista da kowa zai iya dubawa a intanet, a ClinicalTrials.gov ko a rajistar gwaje-gwaje ta Indiya. Yana da kwamitin da ke sa ido. A nan gida sai NAFDAC da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya sun amince. Ana ba mara lafiya takarda a yi masa bayani da harshen da yake ji, shi zai sa hannu, kuma ranar da ya ce ya fasa, ya fasa. A al'ada masu binciken ne ke ba da maganin da ake gwadawa, ba sayar da gurbi ake yi ba. Babu kuma mai iya yi wa mutum alkawarin shiga kafin likitocin can su ga takardunsa, su duba ƙodarsa da hantarsa da zuciyarsa.

Ki auna mutumin WhatsApp da wannan ma'aunin. Ki ce ya turo lambar rajistar gwajin, da sunan asibitin, da sunan likitan da ke jagoranta. Ki kai wa likitanku, shi ya rubuta musu da kansa. Kobo kada ya shiga asusun wani mutum. Indiya tana da asibitoci na ƙwarai, mutanenmu suna zuwa, amma hanyar daga likita zuwa likita take. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma dillalan nan sun san haka sarai. Ko da abin gaskiya ne, mutumin da jininsa ba ya daskarewa ba a ɗora shi a jirgi sai likita ya ce jikin zai ɗauka.

Shi kuwa Yaya, kada ki ga laifinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Duk ɗan Arewa da ya girma da wannan labari yana da hujjar ɗar-ɗar. Amma ki duba abin da ya fi ƙona wa iyayen nan rai: cewa suka yi an yanke hukunci a kan jikin 'ya'yansu ba tare da an sanar da su ba. Yanzu ki waiwayo gidanki. Ana maganar a ba maigida haɗin magani, ko a kai shi Indiya, ko a mayar da shi Funtuwa, shi kuwa an ce masa ƙarancin jini ne.

Na san don ƙauna kuka yi. Haka muka taso, ba a faɗa wa mara lafiya abin da zai karya masa zuciya. Ni ma na daɗe ina ganin hakan tausayi ne, har wani dare. Wani bawan Allah ne, ɗan kasuwa kamar mijinki, iyalinsa sun roƙe mu kada a gaya masa. Wajen ƙarfe biyu na zo canza masa ledar ƙarin ruwa, ɗakin shiru sai ƙarar fanka, matarsa ta yi barci a kan tabarma a gefen gado. Ya kama bakin hannun rigata, murya ƙasa-ƙasa ya ce ya san ciwon ya dawo tun ranar da ya ga yayarsa ta fita waje ta daɗe ta dawo ido jajir. Ya yi shiru ne don kada ya tayar musu da hankali. Ya zaro wani ɗan littafi daga ƙarƙashin matashi, gefensa duk ya naɗe saboda gumi, sunayen waɗanda yake bi da waɗanda ke binsa. Abin da ke cin ransa ke nan, ba mutuwa ba. Mako biyu kowa yana ɓoye wa kowa, kowa yana kuka shi kaɗai.

Mijinki ya sha kemo sau ɗaya, ya san ɗibar ɓargo, ya san wannan gajiyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magidanci ne mai hankalinsa, yana da bashi da amana a kasuwa, yana da wasiyya, yana da abin da zai so ya gaya wa babban ɗansa. Kuma jikinsa ne zai ɗauki maganin. Ba ma zai yiwu a fara masa ba sai ya sani, domin shi zai amince. Ba lallai ki gaya masa ke kaɗai ba. Ki roƙi likita ya ware lokaci, ki zauna kusa da shi, a kira Yaya ya zauna. In Turanci ko Yarabanci zai kawo cikas, a samo mai fassara babba mai riƙon amana, kada a sa yaranku. A fara tambayarsa me ya fahimta game da jikinsa, kuma nawa yake so ya ji. Wani zai ce a faɗa masa komai, wani zai ce a yi magana da matata. Ko wanne ya zaɓa, zaɓinsa ne.

A wannan zaman, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: in maganin ya yi aiki, sai kuma me? Ga mafi yawan waɗanda AML ta dawo musu, haɗin nan gada ce, ba masauki ba. Abin da ke ba da fatan warkewa mai ɗorewa shi ne dashen ɓargo daga wani mutum bayan ciwon ya kwanta. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ya yi nasa na farko a 2024, duka don masu sikila. Da yawa daga masu sankarar jini waje ake kai su, kuma kuɗin dashe da zaman watanni bayansa ya ninka na ƙwayoyin nan. Saboda haka ki tambaya ƙarara: muna tafiya ne zuwa dashe, ko muna sayen lokaci ne? Duka biyun manufa ce mai mutunci. Amma in filin zai ƙare a zagaye biyu ko uku na magani, ba dashe a gaba, ga yara biyar, to wannan lissafi ne da ya kamata ku yi ku biyu ido buɗe. Ki sa a rubuta miki kuɗin zagaye ɗaya gaba ɗaya: magani, gado, jini, gwaje-gwaje, magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Sau da yawa waɗannan na gefen ne ke cinye aljihu. Ki tambayi zagaye nawa za a yi kafin a sake duba ɓargo a san ko yana aiki, kuma in bai yi ba a ina za a tsaya. Filin kuwa gadonki ne, haƙƙinki ne. In kin bayar sadaka ce mai girma, in kin riƙe wa yara ba ki yi zunubi ba, kuma babu mai ikon tilasta miki.

Ki kuma tambaya ko an duba ƙwayoyin halittar ciwon. Kusan ɗaya cikin uku na masu AML suna da canji a wani wuri da ake kira FLT3, kuma akwai ƙwaya ta musamman dominsu, gilteritinib. A binciken da aka yi da waɗanda ciwonsu ya dawo, rabin masu shan ta sun haura wata 9, masu kemo kuwa ba su kai wata 6 ba. Akwai ivosidenib ga masu canjin IDH1, enasidenib ga masu IDH2, sai revumenib da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2024 ga masu canjin KMT2A. Shi kansa venetoclax ya fi kama masu canjin NPM1 ko IDH, ya fi gazawa ga masu canjin TP53. Ko da sai an aika samfurin wani wuri, kuɗin wannan gwajin bai kai na zagayen maganin da aka yi a makance ba.

Ga kuma inda Yaya zai shigo da ƙafar dama. Ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa gaba ɗaya a matsayin mai ba da ɓargo, kuma yanzu ana yin dashe ko da rabin dacewa ne, daga ɗa ko ɗan'uwa. Don haka in ana tunanin dashe, kada shaƙiƙansa da 'ya'yansa su ba shi jini, domin hakan na iya sa jikinsa ya ƙi ɓargonsu daga baya. Jini kuwa za a buƙace shi da yawa. Wannan aikin Yaya ne: ya tara abokan sana'a a Mile 12, ya yi magana a masallacin unguwa bayan sallah, a rubuta sunayen masu bayarwa tun kafin a buƙata. Mutumin da aka ba aiki ya fi sauƙin lallashi a kan wanda aka bari a bakin ƙofa.

In maigida ya ce a gwada, ga abin da na gani yana kayar da mutane, ba ciwon kansa ba. Ana fara ƙwayar kaɗan-kaɗan cikin kwanaki na farko, yawanci a kwance a asibiti, saboda in ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa a lokaci ɗaya dattinsu na iya toshe ƙoda. Allurar kwana 7 ce a kowane kwana 28. Bayan nan jini zai faɗi ƙasa sosai na makonni, a nan haɗarin yake. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38, ko dare ne ko ruwa ake, asibiti za ku nufa. Mu a Legas duk zazzaɓi maleriya ne, a aika yaro kemis, a sha farasitamol a jira safiya. Ga mijinki jiran safiya na iya zama ajali. Ki san tun yanzu motar wa za ki kira, ki lissafa da cunkoson hanya daga Agege. In akwai ɗan'uwa kusa da asibitin, ku tare a can a makonnin. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac. Ban da ƙaho, ban da askar wanzami, asuwaki mai tauri ma a ajiye shi. Nonon da ba a dafa ba, ɗanyen ganye da tsiren bakin titi su dakata. Masu dubiya su yi haƙuri su gaisa ta waya, mai tari ko mura kada ya shiga ɗakin.

Venetoclax ba ya shiri da wasu abubuwa. Lemon garehul yana ƙara masa ƙarfi fiye da kima, haka magungunan fangas irin su posaconazole da voriconazole, shi ya sa in an haɗa su likita zai rage adadin ƙwayar. Ba rowa ba ce. Rifampicin na tarin fuka kuma karya shi yake yi. Jiƙo da sassaƙe da za a yi ta aiko muku daga gida, kada ko ɗaya ya shiga bakinsa sai likita ya sani, domin hanta ɗaya ce ke tace su duka. Addu'a, sadaka, karatun Alƙur'ani a kansa, waɗannan ku yawaita, ba su karo da komai. Maganin kuma ta hannun asibiti za a saye shi, ba wurin wanda ya ce yana da mai sauƙi ba.

In kuwa ya ji komai ya ce ya gaji, yana so ya koma Funtuwa kusa da mahaifiyarsa, wannan ba yanke ƙauna daga rahamar Allah ba ne, kuma ba daina magani ba ne. Akwai ƙwayar hydroxyurea da ke rage yawan fararen ƙwayoyin, akwai ƙarin jini, akwai maganin ciwo har da mofin in ta kama. Sai dai kada a ɗauke shi a mota haka kawai. A karɓi takardar bayani daga likitansa, a haɗa shi da likitocin jini na asibitin koyarwa na Shika a Zariya, tunda ba nisa, a san inda za a nufa ranar da jini ya ɓalle.

Ke ma ki ci abinci. Ki kira ƙanwarki ko wata aminiya ta zo ta karɓe ki kwana biyu a mako, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gobe da safe ki nemi likita ki sa ranar zaman nan, ki rubuta tambayoyinki a takarda don kada su gudu in kin shiga ofis. In sakamakon FLT3 ya fito, ko maigida ya faɗi abin da yake so, ki sake rubuto mini. Ina sa ku a addu'a.